Gasar Rubutu ta Ɗalibai Kan Kwance Ɗamarar Makaman Nukiliya: Nazarin Tsari da Ma'aunin Tantancewa

1.0 Gabatarwa

Gasar rubutu ta ɗalibai na daga cikin hanyoyin da makarantu da ƙungiyoyin zaman lafiya ke bi wajen shigar da batun kwance ɗamarar makaman nukiliya cikin aji, domin batu ne da ba kasafai yake samun gurbi na kansa a jadawalin darussa ba. Yakan ɓullo ne a gefen darasin tarihi idan an zo kan Yaƙin Duniya na Biyu, ko a gefen darasin kimiyya idan an zo kan ƙwayar zarra, daga nan a wuce. Alhali kuwa matsalar na nan daram. Ƙiyasin cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke ƙasar Suwidin ya nuna cewa a farkon 2025 akwai makaman nukiliya sama da 12,000 a hannun ƙasashe tara, wato Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin da Indiya da Pakistan da Isra'ila da Koriya ta Arewa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha. Adadin ya ragu ƙwarai daga kimanin 70,000 da ya kai a tsakiyar shekarun 1980, sai dai yarjejeniyoyin da suka kawo wannan raguwa suna ta warwarewa. Wadda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a 1987 kan makamai masu linzami masu matsakaicin zango ta rushe a 2019, sannan a 2023 Rasha ta janye amincewarta da yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya baki ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nazarci yadda ake tsara irin wannan gasa a makarantun firamare da sakandare, ta fito da abin da ke sa ta zama hanyar ilmantarwa ta haƙiƙa, da abin da ke mayar da ita taron maimaita take kawai. Matsayar maƙalar ita ce ingancin gasar ya rataya ne a kan irin tambayar da aka bai wa ɗalibi da ma'aunin da alƙalai suka riƙe, fiye da girman kyauta ko yawan mahalarta.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Tunanin koyar da kwance ɗamara a makarantu ya samu gindin zama a hukumance ne a zama na musamman na farko da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kan kwance ɗamara a 1978, wanda ya buƙaci gwamnatoci da ƙungiyoyi su tsara shirye-shiryen ilmantarwa a kan batun. Hukumar UNESCO ta biyo baya da babban taron duniya kan ilimin kwance ɗamara a birnin Faris a watan Yunin 1980.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan yunƙuri ba. A Birtaniya, Caroline Cox da Roger Scruton sun wallafa wani nazari a 1984 inda suka soki darussan zaman lafiya, suna ganin cewa ana amfani da su ne wajen cusa wa yara ra'ayin siyasa na ɓangare guda da sunan ilimi. Ko da ba a yarda da duk abin da suka faɗa ba, sukar tana da nauyi ga mai shirya gasa, domin a tsakanin masana kansu ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Kenneth Waltz ya kawo hujja a 1981 cewa mallakar makaman na sa ƙasashe taka-tsantsan, har yaɗuwarsu na iya rage yaƙi. Scott Sagan ya mayar masa da martani cewa rundunonin soja da hukumomin da ke riƙe da makaman suna yin kuskure kamar kowace hukuma ta 'yan Adam, kuma kuskure ɗaya ya isa. Muhawarar tasu ta fito a littafi guda a 1995.

Aikin da ya fi tasiri a fagen shi ne rahoton ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimin kwance ɗamara da hana yaɗuwar makamai, wanda aka gabatar a 2002 ɗauke da shawarwari 34. Rahoton ya ɗauki matsayin cewa aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi yadda zai yi tunani a kan batun, ba ya yanke masa abin da zai gaskata ba. Wannan matsaya ce ta amsa sukar Cox da Scruton ba tare da an yi watsi da manufar kwance ɗamara ba, kuma a kanta wannan maƙala ta ɗora ma'auninta.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin takardu da kwatantawa. An ɗauki birnin Hiroshima a matsayin babban misali, saboda a can ne rubutun ɗalibai kan makaman nukiliya ya fi daɗewa kuma ya fi tsari. An kuma waiwayi gasannin da Ofishin Kwance Ɗamara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shirya, kamar ta waƙa a 2011 da ta zane a 2012. A kowane mataki an duba wanda ke yin tambayar, da abin da ɗalibi ke da shi a hannu kafin ya fara rubutu, da yadda ake tantancewa, da makomar rubutun bayan an raba kyaututtuka.

4.0 Misalin Hiroshima

4.1 Rubutun shaidu

Bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 ya hallaka kimanin mutum 140,000 zuwa ƙarshen shekarar, na Nagasaki kuwa, ranar 9 ga wata, ya hallaka kimanin 74,000. Bayan shekara shida, Osada Arata, farfesan ilimi a Jami'ar Hiroshima wanda shi ma ya jikkata a harin, ya nemi makarantu su sa ɗalibai su rubuta abin da ya same su. Ya tara rubuce-rubuce fiye da 1,000, ya zaɓi 105 ya wallafa a 1951 a littafin Genbaku no Ko, a lokacin da Japan ke ƙarƙashin mamayar Amurka kuma bayanai kan illar bam ɗin suka sha takunkumi. A 1952 Shindo Kaneto ya shirya fim bisa littafin.

Aikin Osada ba gasa ba ne, amma ya kafa tushen da gasannin baya suka ginu a kai. Ƙarfinsa ya fito ne daga yadda aka tambayi kowane yaro abin da shi kaɗai ya sani: inda yake da ƙarfe 8:15 na safiyar, wanda ya rasa a gidansu, yadda rayuwa ta kasance daga baya. Ba a nemi yaro ya yi jawabi kan makomar duniya ba.

4.2 Gasar shekara-shekara

A yau birnin Hiroshima na gudanar da tsari na dindindin. Ɗaliban aji shida na firamare suna rubuta insha'i kan zaman lafiya, a tace, a fitar da ashirin su gabatar da ra'ayoyinsu a bainar jama'a, sannan a zaɓi biyu daga cikinsu. Waɗannan biyun ne ke karanta alƙawarin zaman lafiya na yara a taron tunawa na ranar 6 ga Agusta, al'adar da aka fara a 1995. Jerin abubuwan da ke gudana a taron ya nuna darajar da aka ba su: ana buga ƙararrawa a yi shiru da ƙarfe 8:15, magajin gari ya karanta sanarwar zaman lafiya, a saki kurciyoyi, sai yaran biyu su hau mumbari, kafin firaministan ƙasar ya yi jawabi. Matanin da suke karantawa kuwa aikin haɗin gwiwa ne na yaran da suka kai zagayen ƙarshe, don haka gasar ba ta ƙarewa da gwani ɗaya tilo.

Tsarin yana fuskantar matsaloli biyu. Ta farko ita ce nisan zamani. Waɗanda suka tsira daga hare-haren biyu, da ake kira hibakusha, sun ragu zuwa ƙasa da 100,000 a 2025, kuma matsakaicin shekarunsu ya haura 85. Ƙungiyarsu, Nihon Hidankyo, ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2024, amma yaron da ke rubutu a yau jika ne ko tattaɓa-kunne, abin da ya ji yake rubutawa, ba abin da ya gani ba. Ta biyu ta fi wuyar sha'ani. Japan tana ƙarƙashin kariyar nukiliyar Amurka, kuma ba ta sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017 ba. Rubutun da ya yi kira ga zaman lafiya a dunƙule, bai taɓa wannan saɓani ba, ya kauce wa tambayar da ta fi shafar ƙasar marubucin. Ga 'yan firamare ana iya yin uzuri. Ga 'yan babbar sakandare uzurin ba ya karɓuwa.

5.0 Tsara Gasa

5.1 Tambaya

Mafi yawan raunin gasa yana farawa ne daga taken da aka bayar. Take irin su "Illar Makaman Nukiliya" ko "Muhimmancin Zaman Lafiya" ya riga ya ƙunshi amsarsa, don haka alƙali zai tarar da takardu ɗari masu kama da juna: a fara da Hiroshima, a jero adadin matattu, a rufe da kira ga shugabannin duniya. Babu ƙarya a cikin irin wannan rubutu, sai dai ɗalibin bai yi wani aikin tunani ba. Tambaya mai amfani ita ce wadda mutum biyu masu hankali za su iya amsawa ta fuskoki daban-daban, kowa da hujjarsa.

Misali, yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda aka buɗe don sa hannu a 1968 ta fara aiki a 1970, ta amince wa ƙasashe biyar su ci gaba da riƙe makamansu, bisa alƙawarin da ke sashe na shida cewa za su shiga tattaunawa da zuciya ɗaya domin kwance ɗamara. Ana iya tambayar ɗalibi ko an cika wannan alƙawari, da abin da ya rage wa ƙasashen da suka haƙura da makamin idan ba a cika ba. Ana kuma iya tambayarsa dalilin da ya sa Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida sannan ta wargaza su da kanta, ta shiga yarjejeniyar a 1991, Shugaba de Klerk ya bayyana wa duniya lamarin a 1993, da ko wata ƙasa za ta iya bin sawunta. Irin waɗannan tambayoyi suna tilasta wa ɗalibi ya fahimci aƙidar tsoratar da abokin gaba, wadda ƙasashe masu makaman ke kafa hujja da ita, kafin ya soke ta. Wanda bai iya bayyana hujjar abokin hamayyarsa ba, sukarsa ba za ta gamsar da kowa ba sai wanda dama ya yarda.

Ga ƙananan yara tambayar za ta sauka daidai da shekarunsu, kuma a guji hotuna da bayanai masu firgitarwa fiye da kima.

5.2 Kayan karatu da alaƙa da muhallin ɗalibi

Darasin da aikin Osada ya bayar shi ne ɗalibi ya fi iya rubutu a kan abin da ya shafe shi. Ga makarantun Nijeriya da Nijar da Gana, wannan alaƙa tana nan a tarihi, ba sai an ƙirƙiro ta ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta yi gwajin bam ɗinta na farko a Reggane da ke Saharar Aljeriya, kuma zuwa 1966 ta yi gwaji 17 a ƙasar, huɗu a sarari, 13 a ƙarƙashin ƙasa a yankin In Ekker. A Afirka ta Yamma an yi fargabar iskar hunturu za ta kwaso ƙura mai guba ta yo kudu da ita. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa a Gana. A Janairun 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa amfani da tashoshin Nijeriya, alhali ƙasar ba ta daɗe da cika wata uku da samun 'yanci ba.

Akwai wasu hanyoyin shiga batun. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi amfani da shi a shirinta na ƙera bam na farko daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. A Arlit da ke Nijar ana haƙar yuraniyom tun 1971, kuma mahaƙar Akouta da ke kusa da Akokan ta rufe a 2021. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ba a yarda da makaman nukiliya ba, an buɗe ta don sa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka jagoranci yarjejeniyar haramta makaman, wadda ƙasashe 122 suka kaɗa wa ƙuri'a ranar 7 ga Yulin 2017. Nijeriya ta tabbatar da ita ranar 6 ga Agustan 2020, yarjejeniyar ta fara aiki ranar 22 ga Janairun 2021. A Zariya kuma, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004. A 2018 aka cire mata yuraniyom mai ƙarfin tacewa, irin wanda ake iya karkatarwa zuwa ƙera makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mata mai ƙaramin ƙarfi. Wannan misali ya isa a nuna wa ɗalibi bambancin amfani da nukiliya wajen bincike da magani da lantarki, da amfani da ita wajen yaƙi, bambancin da rubuce-rubucen ɗalibai ke yawan cakuɗawa.

Wajibi ne masu shirya gasa su tattara irin waɗannan bayanai a ƙaramin kundi na shafuka kaɗan, a raba wa duk makarantun da ke ciki. In ba haka ba, gasar za ta koma tsakanin masu intanet da ɗakin karatu, 'yan ƙauye kuma su faɗi tun ba a fara ba.

5.3 Harshe da nau'in rubutu

Ɗalibin da aka tilasta wa rubutu da harshen da bai naƙalta ba yakan ɓuya a bayan haddatattun jimloli. Ya kamata a buɗe rukunin harshen gida kusa da na Ingilishi ko Faransanci, da kyauta iri ɗaya. Gasa ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa: wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tana gudana tun 2016. Haka nan a raba insha'in muhawara da gajeren labari da waƙa, kowanne da ma'auninsa, domin ba a auna su da mudu ɗaya.

5.4 Alƙalanci

Ana cire sunan ɗalibi da na makarantarsa daga kowace takarda a maye gurbinsu da lamba, mutum ɗaya da ba ya cikin alƙalai ya riƙe rajistar. Kowace takarda ta bi ta hannun alƙali biyu da ba su ga makin juna ba, idan tazarar ta yi yawa a kai wa na uku. A kwamitin a haɗa malamin harshe da malamin tarihi ko kimiyya, saboda rubutu mai daɗin karatu na iya ƙunsar kuskure babba, kamar a ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe makaman wata ƙasa, ko a ɗauka duk ƙasar da ke da tashar lantarki ta nukiliya tana da bam.

Ma'aunin ya fifita ingancin bayani da ƙarfin hujja a kan adon magana, kuma a wallafa shi tun ranar da aka buɗe gasa. Abu mafi muhimmanci, a rubuta ƙarara cewa ba za a rage wa ɗalibi maki don matsayar da ya ɗauka ba. Idan wata ɗaliba ta kawo hujja cewa kwance ɗamara gaba ɗaya ba zai yiwu nan kusa ba, ta ba da shawarar a fara da rage adadi da alƙawarin ƙin fara amfani da makamin, irin wanda Sin ta ɗauka tun 1964, rubutunta ya cancanci lashe gasa muddin ya fi saura ƙarfi. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyi tana da 'yancin bayyana aƙidarta, amma da zarar ta mayar da aƙidar sharaɗin cin kyauta, ta gaskata masu sukar 1984.

5.5 Sahihancin rubutu

Tsohuwar matsala ita ce malami ko mahaifi ya rubuta wa yaro, musamman inda makaranta ke neman suna. Sabuwa ita ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira, masu iya fitar da insha'i mai tsafta cikin daƙiƙu. Maganin duka biyun ɗaya ne: a yi zagayen farko a cikin aji ƙarƙashin kulawa, ko a buƙaci ɗalibi ya haɗo da daftarinsa na farko, sannan waɗanda suka kai zagayen ƙarshe su tsaya gaban alƙalai su amsa tambayoyi kan abin da suka rubuta. Minti biyar na tambaya ya isa a gane mai rubutu da wanda aka rubuta wa. Tsarin Hiroshima na gabatarwa a bainar jama'a yana yin wannan aiki ko da ba don shi aka kafa shi ba.

5.6 Lokaci da makomar rubutun

Kalandar Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanadi ranakun da za a iya jingina gasa da su: 29 ga Agusta ta yaƙi da gwajin nukiliya, 26 ga Satumba ta kawar da makaman baki ɗaya, da makon kwance ɗamara da ke farawa 24 ga Oktoba. Ta Agusta takan faɗo cikin dogon hutu a Nijeriya da Nijar, don haka Oktoba ya fi dacewa da buɗe gasa, a bai wa ɗalibai aƙalla mako shida, a kuma nisanci lokacin jarrabawar fita.

Rubutun da ya tsaya a aljihun teburin shugaban makaranta bai isa inda aka nufa ba. A Nagasaki, bayan gwaje-gwajen Indiya da Pakistan na 1998, an fara tura ɗaliban sakandare a matsayin jakadun zaman lafiya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga 2001 suka riƙa tattara sa hannun jama'a suna kaiwa ofishinta na Janiba. Makarantar da ba ta da ƙarfin hakan tana iya buga zaɓaɓɓun rubuce-rubuce a ƙaramin littafi, ko ta nemi gidan rediyon jiha ya bai wa marubutan fili su karanta da bakinsu, ko ta aika wa ma'aikatar harkokin waje da 'yan majalisar yankin. Kafin a wallafa aikin yaro ko hotonsa a nemi izinin iyaye a rubuce. Waɗanda ba su ci ba kuma a mayar musu da takardunsu da gajeren sharhin alƙali na layi biyu ko uku, da ke nuna inda hujja ta yi ƙarfi da inda take buƙatar ƙarin bincike, a kuma bai wa kowane malami kwafin sharhin ajinsa domin ya yi amfani da shi a darasi na gaba.